Layar Baba Sule

Dutse Uku, Jos
Litinin

Yaya Maimunatu,

Assalamu alaikum. Ya jego, ya jaririya? Tunda kin daina ɗaga wayata, ga takarda ta hannun Badung direba.

Na ji kin kai ƙarata wurin Kaka wai ina karanta littafin masu gunki. Sannu da ƙoƙari! E, na saye shi a kasuwar Taminus cikin tsofaffin littattafan da ake shanyawa a ƙasa, kuma salla ko ɗaya ba ta wuce ni ba. Tarihin wani lauya ne, Mista Aldren. Kin tuna sunan? Baturen da mahaifin Kaka, Baba Sule, ya yi wa kuku.

Lauyan kamfanin kuza ne. Da rana ya raba mutane da gonakinsu da alƙalami, da yamma ya tanƙwashe ƙafa gaban gunkin Buda, wai ko sauro ba ya kashewa. Da ya koma ƙasarsu ya shekara talatin yana yaɗa addinin Buda da wata aƙida Tiyosofi, mai cewa duk addinai kogi ɗaya ne. Kura da rawani ke nan.

A shafi na casa'in ya ce tagwayen kukunsa sun kamu da ƙyanda, shi kuma ya ba kukun takarda. Yaya, layar gidanmu ce! Wadda ake rataya wa kowane jariri, wadda Kaka ta ba ni in kai wa baduku ya sake mata fata saboda 'yarki. Na farke ta.

Ƙaninki,
Lukuman

Vom
Laraba

Lukuman,

Wa alaikumus salam. Muna nan lafiya, sai dai Rahma tana ɗan tari, jikin da zafi. Abin da ya sa nake jiran layar ke nan.

Wa ya aike ka? Tun muna yara ka san ba a buɗe laya. Kaka ta sha gaya mana: ita da ɗan'uwanta Hassan suka kwanta, shi ya rasu, ita aka rataya mata ta tashi. Mace mai shekara saba'in da hawan jini, ita za ka je wa da surutun littafi? Sakandare ma ba ka gama ba, ka fi kowa sani.

Ka mayar a ɗinke, ka aiko min, ka kama bakinka. Kar ma ka gaya min abin da ke ciki.

Ka gaida Kaka.
Yayarka,
Maimunatu

Dutse Uku
Alhamis

Yaya,

Gaisuwa, a taƙaice.

Ban gama sakandare ba, gaskiya ne. Amma a gidan nan ni kaɗai na karanta abin da muka shekara saba'in muna rataya wa 'ya'yanmu, kuma sai kin ji.

Babu aya ko ɗaya. Turanci ne, layi biyu. Na sama addu'ar mabiya Buda ce: duk mai rai ya kuɓuta daga wahala. Na ƙasa kuwa: "Likita, asibitin Vom, a duba yaran nan biyu yau, kukuna ne ubansu."

Kin gane? Takardar ganin likita ce! Baba Sule ya roƙi taimako, ya ga mutumin da kullum yake zaune ido rufe yana wuridi ya rubuta abu ya ninke ya miƙo. Me malami yake bayarwa a ninke? Ya kai wa baduku. Kafin a gama ɗinki Hassan ya cika.

Shi kuma gogan, mai koya wa duniya tausayi, shekara tara yana cin tuwon hannun mutumin nan bai koyi kalma uku ba: kai su asibiti. Har ya rubuta wai bangaskiyar kukun ta burge shi, don ya karɓa da hannu biyu yana sumbata. Ta burge shi! Washegari bai ko tambaya ba an je ko ba a je ba. Na jefar da littafin, na je na ɗauko, na sake jefarwa.

Yanzu kuma ki ce min Rahma na tari kina jiran fata? Asibitin da aka rubuta yana bayan gidanki, da ƙafa ma kin je! Yau zan gaya wa Kaka, kowa ya ji haushi.

Lukuman

Vom
Juma'a

Lukuman,

Don Allah, don darajar iyayenmu, kar ka sa tsohuwar nan ta mutu tana ganin ubanta ne ya kashe Hassan. Ni ka zage ni, na yarda.

Maimunatu

Dutse Uku
Asabar

Yaya,

Salam. Takardarki ta makara, na riga na je. Kaka ta ga farkakkiyar fatar, ba ta yi faɗa ba. Ta ce, "Ɗan nema, tunda ka buɗe, karanta min abin da Baba ya samo mana."

Na karanta mata layin sama da Hausa. Ta shafa fuska ta ce amin. Ta ce, "Shi ke nan?" Na ce shi ke nan.

Fatar tana wurinta. Takardar kuma ga ta a hannun Badung. Shekara saba'in tana neman hanyar Vom. Ki goya Rahma yau, ki kai ta inda aka aike ta.

Ƙaninki,
Lukuman