Kwano Mai Sunana

Daren Laraba, 9 ga Rajab, unguwar Nuzla.

Na yi wauta yau. Da aka ba da belina kan ƙonewar hannun 'yata Ummi, an hana ni zuwa wurinta ko aika mata komai sai an gama shari'a. Yaya Sani ya tsaya mini da iƙamarsa, takardar izinin zamansa a ƙasar nan.

Na dafa dambu, zuciyata ta kasa daurewa. Na roƙi maƙwabciyata ta kai mata gidan ubanta a unguwar Sa'alaba, ta ce musu sadaka ce. Sai bayan isha'i na tuna duk kwanukana akwai sunana a gindinsu da jan farce.

Na ruga wurin maƙwabciyar. Ta ce, "Halas, an gama, Maman Ummi, ubanta da kansa ya karɓa."

Ko mota ta tsaya a ƙofa sai in ɗauka 'yan sanda ne suka zo kama ni. Allah ya sa Ummi ta ci kafin ubanta ya kifa kwanon.