Ƙanena Ya Fitar da Zambon Barmo, Ya Bar Yabon a Kaset

Gwaggo Hasana, don Allah ki taimake ni da shawara kafin in aikata abin da zan yi nadama. Raina a ɓace yake.

Mahaifinmu makaɗin noma ne a Karofane, ya rasu shekara goma sha ɗaya ke nan. Abin da ya rage mana na muryarsa kaset ɗaya ne, wanda wani malamin lakwal, wato makarantar boko, ya ɗauka ranar wata gayya. Ni na ajiye shi a ƙasan akwatina. Bara ƙanena Zakariya'u, da ke aiki a Yamai, ya roƙe ni in ba shi, wai zai kai a gyara sautin don kar muryar Baba ta ɓata. Har kuka na yi don murna.

Gwaggo, kin san yadda kiɗan gayya yake. Makaɗi ya zaɓi manomi ɗaya ya yi ta masa zambo, ya kira shi rago, mai barci gindin gawo, har zuciyarsa ta tashi ya wuce kowa. In ya kai ƙarshen gona sai makaɗi ya juya ya wanke shi tas, ya yabe shi, ya yabi ubansa da kakansa. Ba a yin ɗaya a bar ɗaya. Ran nan Barmo maƙwabcinmu Baba ya zaɓa, don aminai ne kuma ya san zai iya ɗauka. Zambon na gefen farko na kaset, yabon na gefe na biyu.

To, gefen farko kaɗai Zakariya'u ya fitar! Su da mai sutidiyo suka yanko minti huɗu, suka zuba masa kiɗan inji, suka watsa a wayoyi. Wai can ne gangar ta fi daɗi. Yanzu kowane mai kabu-kabu daga nan har Bouza waƙar yake sakawa. Barmo ya haura tamanin, idonsa ya tafi. Mutumin da ya ciyar da gida uku da hauyarsa, yau in an ja shi zuwa masallaci matasa na rera masa rago mai barci. Sati uku ke nan bai leƙa ƙofar gida ba. 'Yarsa Mardiya, wadda muka taso muna daka a turmi ɗaya, ta daina amsa gaisuwata, kuma ban ga laifinta ba.

Na kira Zakariya'u na wanke shi da faɗa. Sai ya ce wai dubban mutane sun ji Baba, kamata ya yi in gode masa. In gode masa! Ya mai da ubanmu mai cin mutuncin amininsa bayan yana kabari. Kaset ya dawo hannuna, kuma wallahi so nake in farfasa shi da taɓarya, in kai ƙarar Zakariya'u gun maigari, in gaya masa kar ya ƙara taka gidana. Kunya ta hana ni shiga gidan Barmo. Me zan yi?

'Yar Makaɗi, Karofane

'Yata, fushinki yana kan hanya, amma ki ajiye taɓaryar nan. Kaset ɗin shi kaɗai ne shaidar da za ta wanke mahaifinku, ta wanke Barmo.

Zakariya'u ya yi laifi, babba ma. Ya taɓa sunan mutumin da ke raye bai tambayi kowa ba, da aka nuna masa kuma ya kafe. Sai dai ban ga mugunta a ciki ba. Mai mugunta ba ya ɗaukar muryar ubansa ya kai gyara. Ina zaton ya daɗe a birni, ya ji ganga bai san ƙa'idarta ba. Ke da kika sani, kin miƙa masa kaset ba ki gaya masa komai ba. Ba don in ƙara miki ciwo na faɗa ba, sai don ki sassauta murya in kin sake kiransa. Korarsa daga gidanki ba za ta fito da Barmo ƙofar gida ba.

Ki kira shi ya zo da ƙafarsa, ba ta waya ba. Ku nemi dattijo ɗaya da ya ga gayyar nan ya shige muku gaba, ku je gidan Barmo, Zakariya'u ya ba da haƙuri da bakinsa a gaban Mardiya. Sannan ku roƙi izinin tsohon ku saka masa gefe na biyu. In ya yarda a fitar da shi, a fitar da waƙar cikakkiya, ba yanka, ba kiɗan inji, da bayanin dattijon a farko. A kai wa gidan rediyon yankinku da masu zuba waƙa a waya ranar kasuwa. In ya ce a bar shi haka, ku bar shi, sunansa ne. Maganar maigari ki jingine ta, sai in ƙanen naki ya ƙi zuwa.

Ba zan ruɗe ki ba, abin da ya shiga wayoyi ba ya gogewa, kuma Mardiya na iya daɗewa ba ta huce ba. Amma shirun da kike yi don kunya, su a gidan suna ganinsa kamar da yardarki aka yi. Kar ki jira Zakariya'u ya samu hutu. Ki shiga gidan gobe da safe ko ke kaɗai, ki durƙusa ki gaishe shi. Mutumin da ya haura tamanin ba a ce masa sai bayan girbi.

Allah ya jiƙan mahaifinku, ya ƙara wa Barmo lafiya, ya sanyaya zuciyarki.

Gwaggo Hasana