Ruwan da Za a Ba Farfesa

Yaya Zakiyyu,

Assalamu alaikum. Ina Inna da yara? Ya jikin Rabi? Don Allah kada yaran nan su ƙara shan ruwan rijiyarmu.

Ni lafiya lau nake a Alƙahira, na samu aiki a wani ɗakin gwaji. Wankin kwalabe ne, amma kada Inna ta ji.

An ce Farfesa Kalilu zai zo Daura nema wa ɗansa aure a unguwarmu. Shi ne fa shugaban kwamitin da ya ce ƙarya na shirya a bincikena, wai babu gubar dalma a rijiyar, masu narka batir ba su da laifi. Da sa hannunsa jami'a ta kore ni.

Yaya, kada a sayo masa ruwan roba. Idan dattawa sun hallara, ka ɗebo na rijiyar, ka miƙa masa da ladabi, ka faɗi inda ka ɗebo kowa ya ji. Ai shi ya ce mai tsafta ne.

Na san ba zai sha ba. So nake unguwa ta ga yadda zai ajiye kwanon.

Allah Ya isar mana.

Ƙanwarka,
Fadila