Littattafan Farfesa da Ke Cikin Sito

Zuwa ga Gwaggo Hajiya Rabi,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya. Ya ƙafar taki, ya su Ameera? Allah ya jiƙan Baba Farfesa, ya kai haske kabarinsa.

Ni lafiya lau nake a nan Holan, kada ki damu. Sanyi ne kawai, sai abinci da ba ya shiga sosai kwanan nan.

Gwaggo, Ameera ta ce an sayar da gidan Nassarawa, ranar Asabar za a kwashe sito a ba masu ƙosai takardun. Don girman Allah ki dakatar da su. Littattafan nan masu baƙin bango awon ruwan dam ɗin Tiga ne da Baba ya yi shekara talatin, wata bayan wata, har da ƙidayar kifaye. Ko rabinsu bai wallafa ba. Malamar da ke duba aikin bincikena na digiri, da ta ji shi ya koyar da ni, miƙewa ta yi ta ce, "Daga rubutunsa muka san tafkunanku."

Abin da na ɓoye miki shi ne, firij ya mutu, duk ruwan gwajin da na ɗebo daga gida ya lalace. An ba ni wata biyu. In babu awon Baba za a rufe aikin, in dawo hannu Rabbana bayan shekara huɗu.

Ki sa a kai littattafan ɗakinki, Ameera ta ɗauke su hoto shafi-shafi ta turo min. Wallahi, Gwaggo, ba ni da wajen juyawa sai wajenki.

Allah ya ƙara miki lafiya.

Ɗanki,
Aƙilu