Rawar Noma da Shebur

Inna,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya jikin Baba da mutanen Dayi? Ni lafiya lau nake. Sanyin Kanada ne dai, shi ma an kusa sabawa. In da mai tahowa, a aiko min daddawa.

Ran Asabar mu baƙin unguwa muka yi wasa, kowa ya nuna na garinsu. Na ce rawar noma zan yi, amma ina garma a nan? Sai na ɗauko shebur ɗin da nake kwashe ƙanƙara, wani ɗan Gana ya kaɗa min ganga. Wuri ya kaure da tafi! Can wata tsohuwa 'yar Sudan ta rangaɗa guɗa. Wallahi Inna, sai da na waiwaya, na ɗauka ke ce.

Ɗanki,
Mudi