Allon Robar Da Ka Manna Wa Jirgin Kawu Manu

Zuwa ga Yaya Nasiru, a duk inda kake cikin Legas,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin wadda addini ya ɗora wa ƙanwa, ina fatan kana lafiya. Gaisuwar ke nan, ba ni da wata bayanta.

Tunda ka tafi ba ka bar mana adireshi ba, shi ya sa na aiko wannan wasiƙa ta mujallar da na san kana saye. Masu karatu su yi haƙuri, maganar gida ce ta fito waje. Ni ce Luba, wadda kake cewa ko akuya ta gaishe ta sai ta rufe fuska da gyale. To yau na buɗe.

Ka tuna ranar da ka dawo? Shekarar da aka ba mu jiha ce, kowa a Jega bakinsa cike da sabon abu. Ka sauko daga mota da baƙin tabarau, ga wasu fararen alluna guda uku ɗaure da igiya. Ka ce allon roba ne, da shi ake gyara jiragen manya a bakin teku, ba ya ruɓewa, gara ba ta cinsa. Ka jingina su a zaure kana cewa, "Jiha sabuwa, aiki sabo." Abin da ba ka gaya wa kowa ba, sai ni da na ji kana faɗa wa abokinka, shi ne shara da ɗauko kaya kawai kake yi a wurin gyaran nan. Ko sau ɗaya ba a ba ka allon ka kafa da hannunka ba.

Baba fa tun kafin a haife ka yake gyaran kwale-kwale a bakin gulbi. Daga Gehuru har ƙauyukan Maiyama, in jirgi ya tsage shi ake aikowa. Ya shafa allon nan da tafin hannu, ya daɗe yana shafawa, sannan ya ce, "Icce in ya sha ruwa kumbura ya kai, ya toshe kainai. Wanga da bai shan ruwa, mi za ya toshe shi?" Ka yi dariya a gaban mutane. Ka ce aikin tsofaffi ya wuce. Baba ya ƙyale ka, ba don ya yarda ba, sai don ɗansa ya dawo daga birni kuma ba ya son ya karya shi a bainar jama'a.

A bayan allo ɗaya akwai wata takarda manne, da Turanci. Kai ka ɓalle ta ka yar. Ni na tsinta, don ina neman abin da zan sa alama a littafin da nake karantawa. Kwana biyu tana cikin littafin kafin in kula da rubutun. Na zauna da ƙamus ɗin makaranta na bi ta kalma-kalma. Ta ce allon yana miƙewa in ya sha rana, don haka a huda ramin da ya fi ƙusa faɗi, kada a ɗaure shi tamau. Ta ce gam da kwalta ba sa kama jikinsa.

Na same ka a bakin gulbi lokacin da na kawo muku fura. Kana tsugune kan jirgin Kawu Manu, ka yanke ruɓaɓɓen katakon gindi, ka sa allon robar a gurbinsa, kana buga ƙusoshi kusa da kusa kamar mai ɗinkin riga, ga gwangwanin kwalta yana tafasa gefe. Na miƙo maka takardar, na ce a hankali, Yaya ka duba. Ko karɓa ba ka yi ba. Ka ce, "Ke Luba, wanga ba littahin soyayya na ba. Aje hura ki wuce." Mazan da ke wurin suka kwashe da dariya. Na ajiye ƙwaryar na gudu, ban sake ɗaga maganar ba.

Jirgin ya kwana ya wuni a kife kan yashi duk tsawon bazara. Ka san zafin ranar Jega. Da ruwa ya kawo aka tura shi, ranar kasuwa, da buhunan albasar ajiya da mutum tara. Ana kaiwa tsakiya allon, wanda ya riga ya gantsare, ya buɗe baki, kwaltar ta saɓule kamar ɓawon ayaba. Allah ya sa masunta suna kusa. Ba a rasa rai ba, amma albasar mutane ta tafi, kuma tsohuwa Inna Tumba da aka ciro ta da ƙyar har yau tari take, ba ta ƙara taka jirgi ba.

Da Sarkin Ruwa ya tara mutane gindin tsamiya ya tambayi wanda ya yi facin, ina laɓe bayan danga ina kallonka. Kana tsaye, ka cire tabarau kana goge shi da bakin riga. Baba ya dube ka sau ɗaya, ya ga ba za ka buɗe baki ba, sai ya ce, "Ni na, ranka ya daɗe." Cikin waɗanda suka gan ka kana buga ƙusoshin ba wanda ya iya ƙaryata dattijo a kan ɗansa. Nan take aka hana shi taɓa kowane jirgi a mashigin nan. Washegari da hantsi ka hau motar albasa ta 'yan Aliero, ka ce wa Innarmu za ka je ka dawo.

Damina biyu ke nan, Yaya.

Kana son ka san yadda Baba yake? Zartonsa da gudumarsa suna cikin buhu ƙarƙashin gado. Yana zuwa ƙwadago gonakin mutane a Karaye, mutumin da bai saba da fartanya ba. Kullum bayan asuba sai ya bi ta bakin gulbi, ya tsaya nesa, hannu a baya. Wani lokaci ya ga ana cusa auduga a tsagar jirgi ba daidai ba, in ga leɓensa yana motsi, amma ba shi da ikon cewa komai. Har yau in an ambace ka cewa yake, "Yaro na, ya so ya gyara." Wannan maganar ta fi komai ƙona mini rai. Yaro? Da gemunka?

Allonka ɗaya da ya rage Inna ke yanka albasa a kai. Ta ce bai riƙe wari. Iyakar alherin da ka kawo mana daga Legas ke nan.

Ka ɓata mini littattafaina ma, in ba ka sani ba. Da can in na karanta jarumi ya tsaya gaban jama'a ya faɗi gaskiya ko za a kashe shi, fuskarka nake sa masa. Yanzu in na zo wurin sai in rufe littafin. Ko mugun cikin labari, a babin ƙarshe yakan dawo ya durƙusa ya nemi gafara. Kai ko wasiƙa.

Kuma kada ka zaci kai kaɗai nake tuhuma. Takardar nan tana hannuna ranar da aka yanke wa Baba hukunci, cikin littafi, ƙarƙashin gyalena. Taku goma ne tsakanina da tsamiyar. Kunya ta riƙe ni, kamar yadda tsoro ya riƙe ka. Da ake yabona ana cewa Luba mai kunya, daɗi nake ji. Yanzu in aka faɗa sai in ji kamar zagi.

To ga abin da ya sa na rubuto. Da bazarar bana na yanki guntaye biyu daga allon Inna. Ɗaya na buga shi tamau a kan tsohon katako, yadda ka yi. Ɗayan na huda shi da jan ƙarfe daga murhu, rami mai faɗi, yadda takarda ta ce. Na ɗora su kan rufin kicin. Naka ya gantsare ya ɗaga ƙusa. Ɗayan yana nan kwance lafiya. Kafin ruwa ya kawo Sarkin Ruwa zai sake tara masu jirage, kamar yadda yake yi kowace shekara. Zan je da guntayen nan biyu da takardar. Zan faɗi wanda ya buga ƙusoshin, in faɗi wadda ta sani ta yi shiru. Baba ya ji labari, ya ce in na kunyata ɗan'uwana bai yafe ba. Ka ga inda ka ajiye ni: in wanke shi in saɓa masa, ko in bi maganarsa in bar shi yana tsayuwa nesa da gulbi har ya mutu.

Mutum ɗaya ne zai iya fitar da ni daga nan. In kai ka faɗa da bakinka, ba wanda ya kunyata wani.

Yaya, ban manta ba. Kai ka saya mini littafina na farko a kasuwar Jega, kai ka ɓoye shi cikin rigarka ranar da Inna ta ce za ta jefa shi murhu. Kai kake ɗora ni a wuya mu tsallake gulbi da rani, kana cewa in riƙe kunnuwanka su ne sitiyari. Mutumin nan nake nema. Ban yarda ya nutse tare da albasar ba.

Allah ya tsare ka a garin mutane, ya ciyar da kai halal. Allah ya hana ka sukuni har sai ka hau motar gida, in ka hau kuma ya kawo ka lafiya. Allah ya mayar wa Baba gudumarsa a hannu tun yana da ƙarfin ɗaga ta. Amin.

Ranar taron zan tsaya bayan dangar nan, inda na tsaya wancan karo, in duba hanyar tasha. In Sarkin Ruwa ya zauna ban gan ka ba, zan yi takun nan goma.

Ƙanwarka da ba ta huce ba,
Luba, daga Jega.