Ba Wanda Zai Taɓa Faya-fayan Ata

Bishkek, 14 ga Oktoba

Zuwa ga yayana, Esenbek Baike,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa mai yawa da ladabi irin na ƙanwa ga yayanta. Ina fata wannan takarda ta same ka lafiya, kai da matarka Saltanat da yara. Allah ya tsare ka a kan dogayen hanyoyin Amurka, ya riƙa mayar da kai Shikago lafiya duk lokacin da ka fita da tirela. Mu nan alhamdu lillahi. Ƙanƙara ta rufe kan duwatsu, amma har yanzu ba su sako mana ruwan ɗumama gidaje ba, kowa yana yawo da bargo a kafaɗa. Gwaggo Toktokan ta aiko daga Narin da cinyar tunkiya, tare da saƙon cewa duk mun rame, alhali rabonta da ganinmu shekara guda. Mahaifinmu Ata yana cin abinci sosai, jininsa ma ya sauka.

Baike, na zaɓi takarda ne domin a waya ba ka bari in kai ƙarshen magana. Ranar Talata surukinka Kubat ya zo gidan Ata da wani ɗan kasuwa da kwalaye shida. Sai da ya shanye kofi uku na shayi ya cinye rabin farantin soyayyen ƙullin fulawar nan namu, borsok, sannan ya ce kai ka aiko shi: a kwashe faya-fayan garmahon Ata a sayar, shi kuma Ata a kai shi ƙauye wurin Gwaggo ya sha iska mai kyau. Kafin in buɗe baki, ɗan kasuwar ya zare wa wani faifai rigarsa ta kwali ya dafa tsakiyarsa da yatsu masu maiƙo. Ka san wata goma ke nan da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya ɗauke wa Ata magana da hannun dama. To, ranar na ji muryarsa. Ba kalma ba ce, gurnani ne daga ƙirji, ya riƙa buga sandarsa a ƙasa har kofuna suna rawa. Na karɓe faifan, na miƙa wa mutumin hularsa, na nuna masa ƙofa. Kubat ya ce ’ya mace da ta yi aure baƙuwa ce a gidan ubanta, ba ta da ta cewa. Na ce masa baƙuwar ce ke yi wa tsohon wanka kullum safe, idan yana son ta cewa ya zo gobe da soso. Ya tattara kwalayensa, borsok ɗin da ya rage ma bai bari ba, har da farantin ya tafi.

Na san ba ka taɓa son wannan kiɗa ba. Tun lokacin da mahaifiyarmu Apa ta rasu, wani ya kawo wa Ata gyaran garmaho ya manta faifai a kai, Ata ya saurara ya kasa mayarwa, kake yi masa dariya. Kiɗa ne na jita da ganga wanda samari ke kira fos-rok, ba mai waƙa, ba kalma ko ɗaya, ya fara kamar yayyafi, ya yi ta tarowa minti goma, sannan ya ɓarke kamar rufin gida zai tashi. Kai kuwa ka kan zauna kana tambaya ko motar mawaƙin ce ta lalace a hanya. Mun yi dariya, shi ma ya yi. Amma bai fasa ba. Shekara goma sha biyu yana roƙon ɗalibai masu zuwa Almati da Istanbul su riƙo masa ɗaya, har suka cika kanta uku, kowanne ya san wanda ya kawo masa. A waya ka ce min abin kunya ne dattijo mai shekara saba’in da huɗu ya zauna yana sauraren ƙarar janareta, carbi ya kamata a gani a hannunsa. Carbin yana hannunsa, Baike, na hagu, kuma salla ba ta wuce shi. Ka ce maƙwabta sun gaji. Zinaida ta ƙasan bene ce kaɗai ta taɓa buga mana bututun ɗumama ɗaki don a rage ƙara, yanzu ita ce ke hawowa ranar Asabar da kwalbar zuma, ta zauna ta rufe ido, ta ce wannan ya fi maganin likitanta.

Ga abin da Kubat bai gaya maka ba, domin bai sani ba. Bayan an sallamo Ata daga asibiti, wata huɗu mai motsa masa jiki tana zuwa tana lallashinsa ya taka ko da taku ɗaya ne. Sai ya juya mata ƙeya ya kalli bango. Ta gaji ta ce min in saba da keken guragu. Wata rana a watan Yuni na ɗora masa faifai na shiga kicin ina kwaɓa fulawa. Fuskar faifan ta ƙare, allura ta shiga layin ƙarshe tana ƙas, ƙas, ƙas, ka san yadda ya tsani wannan, tun da can yakan ce tana cin allura. Ya fara buga sanda. Ni kuwa na gaji, Allah ya yafe min, na ɗaga murya na ce hannuna na cikin ƙullu, ya jira ko ya tashi ya juya abinsa. Sanda ta yi shiru. Can sai na ji jita ta fara. Na fito da ƙullu har gwiwar hannu, na same shi tsaye ya jingina da kanta, gumi ya jiƙa masa riga, yana hararata. Taku shida ne daga kujerarsa zuwa garmaho. Na zauna a ƙasa na yi kuka, shi ko a jikinsa.

Tun daga ranar ban sake juya masa faifai ba, kuma na hana kowa. Kowace fuska minti ashirin ce, don haka yakan miƙe sau goma ko fi a yini. Gaskiya ne ya faɗi sau ɗaya ya fasa gira, aka yi masa ɗinki uku, na san wannan labarin ne ya iso maka ya tayar maka da hankali. Amma yanzu yana kai kansa banɗaki, jiya ma ya leƙa baranda ya ga yara suna ƙwallo. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ka ɗauke faya-fayan nan, ka kai shi ɗakin Gwaggo, wallahi cikin mako guda zai koma kallon bango.

Ban manta alherinka ba. Na san barcin da kake yi a cikin mota saboda mu, na san tsoro ne ke sa ka faɗa, tsoron kada a kira ka wata rana kana can nesa. Ni ma ina jin tsoron. Amma ban taɓa yi maka musu ba sai yau, kuma yau ba zan janye ba. Na canza makullin ƙofa. Idan har sai an kwashe su, kada ka sake aiko kowa. Ka hawo jirgi ka zo, ka tsaya gabansa, ka zare na farko daga kanta da hannunka yana kallonka. In ka iya, ni zan riƙe maka kwali.

Za ka ga ’yar takarda a cikin ambulan. Na gaya wa Ata ina rubuta maka, sai ya nuna biro. Kusan awa ɗaya ya yi yana jan haruffan da hannun hagu, ya ɓata takarda huɗu. Na ɗauka gaisuwa ce. Ashe sunan wani faifai ne da ya daɗe yana nema, an ce masa a Shikago ake samu. In ka samo faifan, ka sa shi tsakanin kwali biyu, kada ya lanƙwashe a hanya.

Ka gaida min Saltanat, ka ce ba ni da fushi da ɗan’uwanta, farantina kawai zai dawo min da shi. Ka shafa min kan Nurdan da Akmaral. Mijina Mirlan yana gaishe ka, Gwaggo ma haka. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ƙanwarka mai taurin kai,
Burul